Wa Zai Janye A Gaba? Jawabin Daren Litinin, 6 Ga Yuni 2022

 

Tun da yamma wayata ba ta huta ba. Tambaya ɗaya ce kowa ke yi: Malam, gobe a Eagle Square wa zai janye, kuma wa zai mara wa baya? Ni ba boka ba ne, ba na duba ƙasa. Amma siyasa tana da lissafi, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Zan faɗa muku hasashena da suna, in na faɗi daidai ku tuna, in na kuskure ku dawo shafin nan ku yi mini dariya. Kun san gwanina, amma ba tallarsa na zo yi ba yau.

Mu fara da abin da ya riga ya faru. Fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 aka sayar da shi. Duk da haka tun a watan Mayu Chris Ngige ya ce ya fasa, ya zaɓi ya riƙe kujerarsa ta minista. Yau Sanata Ken Nnamani ya fita. Ranar Asabar kuma gwamnonin APC na Arewa suka fitar da sanarwa cewa mulki ya koma Kudu, a ciki har suka yaba wa Gwamna Badaru na Jigawa bisa amincewa ya ajiye takararsa. Don haka shi Badaru ban sa shi cikin hasashe ba, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Abin da ya rage shi ne wa zai miƙa wa daliget 81 na Jigawa.

To me ya sa janyewa ta yi tsada haka a bana? Saboda Dokar Zaɓe ta 2022. Sashe na 84 ya ce zaɓaɓɓun daliget kaɗai ne za su kaɗa ƙuri'a. An yi gyaran da zai dawo da manya masu zaɓe saboda muƙaminsu, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Ma'ana, mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma. Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana da 132, Katsina 102, Legas 60. Kuma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, wa ya rubuta sunayen waɗannan mutum ukun? Gwamna ne, a duk jihar da muke mulki. Ɗan takarar da ba shi da gwamna a bayansa, fasta kawai yake da ita.

Doka ɗin ta kuma ce ba a yin ɗan takarar maslaha sai duk waɗanda aka tantance sun yarda a rubuce. Shi ya sa maganar da ta fito yau, cewa shugaban jam'iyya Sanata Abdullahi Adamu ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan maslaha, ba ta zauna ba. Gwamnoni sun ƙi, fadar shugaban ƙasa ta ce Baba bai tsayar da kowa ba. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, ita ce mabuɗin hasashena.

Ni abu uku nake dubawa in ina son sanin mai janyewa. Shin daliget ɗin jiharsa a hannunsa suke? Shin akwai wanda ya fi shi ƙarfi a shiyyarsa? Sannan, akwai abin da yake tsoron rasawa jibi in ya yi taurin kai gobe? Wanda abu biyu cikin ukun nan suka kama shi, jira kawai yake a yi masa tayi mai mutunci.

Ku duba Kudu maso Yamma. Mutum bakwai ne daga can: Tinubu, Osinbajo, Fayemi, Amosun, Dimeji Bankole, Sanata Boroffice da Fasto Tunde Bakare. Huɗu daga cikinsu 'yan jihar Ogun ne, jiha mai daliget 60. Mutum huɗu a kan ƙwarya ɗaya!

Saboda haka sunan da zan fara kira shi ne Sanata Ibikunle Amosun. Gwamnan jiharsa, Dapo Abiodun, ba sa ga maciji tun 2019, lokacin da Amosun ya goyi bayan ɗan takarar wata jam'iyya a kansa. Daliget ɗin gida ba nasa ba ne. Jarinsa guda shi ne kusancinsa da Buhari, yana fatan a ɗaga masa hannu. Yau an ce ba wanda za a ɗaga wa hannu. Me ya rage masa? Ya hau mumbari ya sayar da janyewarsa tun tana da daraja. Kuma ina ganin wajen Tinubu zai nufa, domin gwamnan da suke takun-saƙa da shi ya fi karkata ga Osinbajo.

Na biyu, wanda janyewarsa za ta fi girgiza fili, Kayode Fayemi. Shi yana da daliget, 48 na Ekiti, kuma shi ne shugaban ƙungiyar gwamnoni. Amma ku duba kalanda. Ranar 18 ga wannan wata za a yi zaɓen gwamna a Ekiti, ɗan takararsa Biodun Oyebanji yana kan takarda. Kwana 12 ke nan daga yau. Mutumin da ke son ya bar magaji a gida ba zai so ya ɓata da babban shiyyarsa a wannan mako ba. Zai ja rai har daren gobe, amma ban ga ya bari an ƙirga masa ƙuri'a ba.

Godswill Akpabio ma ku sa masa ido. Ya ajiye minista, jiharsa ta Akwa Ibom a hannun PDP take, yana bukatar wurin sauka.

Su wa ba za su janye ba? Rotimi Amaechi ya bar kujerar ministan sufuri, shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Buhari a 2015 da 2019, yana ganin bashi yake bi. Osinbajo tun da ya fito ranar 11 ga Afrilu ya haye kogin da ba a komawa. Yahaya Bello ya ƙi bin sahun sauran gwamnonin Arewa. Lawan kuwa bayan abin da ya faru yau, janyewa kunya ce ga waɗanda suka tsaya masa. Waɗannan huɗun sai an ƙirga.

Kada wani ya ce janyewa ƙaramin abu ne. Kwana 9 da suka wuce mun gani a gidan maƙwabta. Aminu Tambuwal ya gama jawabinsa, ya dawo ya karɓi makirufo ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. Aka ƙirga, Atiku 371, Wike 237. Minti biyu suka rushe aikin watanni. Har yanzu wutar ba ta mutu ba a can, kuma ku jira ku gani.

Wannan shi ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, ku matasanmu na Facebook. Jiya na ga wani yaronmu ya zagi ɗan takarar da nake kyautata zaton gobe zai tsaya kusa da gwaninmu yana ɗaga masa hannu. Su manyan za su rungumi juna a gaban kyamara, kai kuma rubutunka yana nan, an ɗauki hotonsa an ajiye. Wa zai je ya roƙi ƙuri'ar mutanen da ka zaga a watan Fabrairu? Kai ne dai. Don Allah daga yanzu zuwa a gama ƙirga, ku tallata naku, ku bar na wasu. Wanda ya janye mana mu gode masa, wanda ya janye wa wani kada mu ce an saye shi alhali ba mu da hujja.

Ku kuma daliget ɗinmu da ke Abuja, na san ɗakunan otal ba sa rabuwa da baƙi a daren nan. Ku tuna mutum uku ne kacal ke ɗauke da ƙaramar hukuma guda, kuma gida za ku dawo.

Na faɗi nawa: Amosun, sannan Fayemi. Ku rubuta naku a ƙasa, mu haɗu ranar Laraba mu ga wa ya iya lissafi. Rana ba ta ƙarya. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.