Barci Yana da Lokacinsa

Yau za mu ajiye alli da littafi tukuna, mu yi maganar barci. Kada ku yi dariya. Kowa ya san ƙarancin barci yana kawo kasala da ciwon kai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ko mutum yana samun barci mai yawa, in ba shi da tsayayyen lokacin kwanciya, zuciyarsa tana shan wahala.

Ku dubi zamanmu a nan Zaitawa da sauran unguwannin cikin birnin Kano. Lokacin tashinmu ba ya sākewa ƙwarai, gama ladan yana nan, da asuba zai kira. Kwanciya ce ba ta da ƙa'ida. Yau mutum ya kwanta bayan lisha. Gobe yana teburin mai shayi har ƙarfe ɗaya. Jibi an kawo wuta da tsakar dare, sai ya tashi guga ko jan ruwa. Tela kuwa, in salla ta matso, a kan keke yake kwana. Ku mutanen ƙauye ma ba ku tsira ba: ga daren biki, ga ban ruwa a fadama, ga waya a hannun yaro da babba.

To, Allah ya sanya wa jikin mutum agogo a cikin ƙwaƙwalwa, hasken rana ne ke daidaita shi. A shekarar 2017 aka ba waɗansu masana uku na Amurka babbar kyautar Nobel don sun gano yadda agogon nan ke aiki. Shi ke gaya wa zuciya dare ya yi. Sa'ad da mai lafiya ya yi barci, bugun zuciyarsa yana raguwa, ƙarfin gudun jininsa kuma ya sauka da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Watau kamar jaki ne da aka sauke wa mangala da maraice. In yau an sauke masa, gobe an bar shi da kaya har tsakar dare, jibi an tashe shi yana cikin hutu, ai kun san jakin nan ba zai yi ƙarko ba.

Haka kuma sha'anin abinci. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, likitoci suna ce da shi insulin. Aikinsa shi ne kwashe sukari daga cikin jini ya kai inda za a yi amfani da shi. Da rana ya fi aiki, da dare yana sanyi. Saboda haka tuwon da aka ci da magariba da wanda aka ci ƙarfe goma sha biyu na dare ba ɗaya suke a wurin jiki ba, ko da malmala ɗaya ce. Na dare ya fi barin sukari a jini.

Wannan ba zancen baka ba ne, an gwada. A Amurka an ɗaura wa mutum wajen 2,000 wani abu kamar agogon hannu har kwana bakwai, yana rubuta lokacin barcinsu. Sa'an nan aka bi lafiyarsu kimanin shekara biyar. A shekarar 2020 aka bayyana abin da aka samu. Waɗanda lokacin kwanciyarsu ke sāɓawa da fiye da sa'a ɗaya da rabi, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya kama su kusan ninki biyu na masu tsayayyen lokaci. A Ingila ma an bi mutum fiye da 72,000, aka ba da labari a 2024 cewa masu barcin gāba-gaɗi sun fi haɗuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, har waɗanda ke cika sa'o'insu.

Babba yana bukatar barcin sa'a 7 zuwa 9. Tun da asuba ta riga ta tsayar mana da lokacin tashi, sai mu ƙidaya baya, mu zaɓi lokacin kwanciya, mu riƙe shi har daren Juma'a da daren kasuwa. In an sāɓa, kada ya wuce sa'a guda. Goro da shayi mai ƙarfi a bar su tun la'asar, don ƙarfinsu yana sa'o'i a jiki bai fita ba. Mun sani dattawa ba za su so wannan ba, amma gaskiya ce. Ƙailula tana da kyau, in dai gajeriya ce.

Mai gadi da direban dare ba su da zaɓi, abincinsu ke nan. Su sai su tsayar da lokaci ɗaya da rana, su duhunta ɗaki, iyali kuma su hana yara surutu. Wanda ya daɗe yana irin wannan aiki, ko ya wuce shekara arba'in, ya je Asibitin Murtala ko ɗakin shan magani mafi kusa da garinsu a auna masa jini da sukari, ko da ba ya jin ciwon kome, gama hawan jini yakan daɗe a jiki mai shi bai sani ba.