Lissafin Tafiya Makka: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Mai niyyar Hajji a ƙauye, wurin hakimi da malamin ofishinsa ya kan fara neman shawara. Saboda haka ya wajaba su san lissafin lokacin tafiyar da tsawonta.

A zamanin da, matafiyi ya kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, wani ya shekara da shekaru yana ƙodago a hanya. Yanzu jirgin sama daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne ko kusa da haka. Wannan sauƙi shi ke ruɗin mutane, su zaci tafiyar ta mako guda ce. Gaskiya ne aikin Hajji kansa daga ran 8 zuwa ran 13 ga Zulhajji ne, amma in an haɗa da ziyarar Madina da jiran jirgin zuwa da na komowa, alhaji ya kan yi mako huɗu zuwa shida ba ya gida. Guzurinsa da abincin iyalin da ya bari, a kan wannan za a auna su.

Sai kuma batun lokaci. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11, don haka Hajji kan zagaya rani da damina da hunturu cikin shekara 33. An yi tsayuwar Arfa ran 15 ga Yuni a 2024, a 2025 kuwa ran 5 ga Yuni. Wannan wata shi ne na shuka a ƙasar Hausa, a Makka kuma na tsananin zafi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Tsoho da mai ciwon sukari ko hawan jini, lalle su ga likita kafin su biya kuɗin kujera.

Allurar shawara da ta sanƙarau tilas ne a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya. Wanda ya bari sai ana gobe tashi, takardarsa ba ta da amfani tukuna.

Abin da a ke so ga malami shi ne ya zauna da maniyyaci, su fara ƙirga daga ranar Arfa su yo baya: ranar allura, ranar karɓar fasfo, ranar biyan kuɗi ga hukumar alhazai. Sa'an nan su ƙirga gaba har ranar komowa, a rubuta sunan wanda zai riƙe gona da gida. Hakimi kuma ya sa dagatai su sanar da jama'a tun watan Rajab.

Allah ya kai su lafiya, ya komo da su lafiya. Amin.