KUƊIN SALLAMA SAU ƊAYA SUKE ZUWA: TATTALIN DUKIYA BAYAN RITAYA A ZAMANIN WAYAR HANNU

 

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu Musulmi, maudu'in da muke son mu yi wa juna tunatarwa a kansa a yau ya shafi wani abu da muke gani a kusan kowace unguwa, amma kunya ta hana mu yi maganarsa a sarari. Dattijo ne zai share shekara 35 yana aikin gwamnati, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, a sallame shi, bayan doguwar zirga-zirga a biya shi kuɗin sallamarsa. Kafin shekara biyu ta zagayo sai mu gan shi yana tsaye a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba, yana jiran wanda zai raɗa wa cewa babu abin karyawa a gidansa. Ba ɓarawo ne ya shiga masa ba, ba kuma gobara ya yi ba. Kuɗin sun tsiyaye ne kaɗan-kaɗan ta kafofin da bai ɗauke su a bakin komai ba, kuma a wannan zamani mafi faɗin waɗannan kafofi ita ce 'yar wayar da take cikin aljihunsa da aljihun iyalansa.

MATSAYIN SHARI'A

Wajibi ne mu fara da sanin cewa dukiya amana ce, kuma za a tambayi bawa ta ina ya same ta da kuma inda ya kashe ta, kamar yadda ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito. Allah (S.W.T.) a cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya hana almubazzaranci, Ya kuma danganta masu yinsa da shaiɗanu. A aya ta 29 kuma Ya hana ƙanƙame hannu kamar yadda Ya hana sakinsa gaba ɗaya, domin ƙarshen haka zargi ne da nadama. A Suratul Furƙan, aya ta 67, Ya yabi bayinSa na ƙwarai da cewa ciyarwarsu tana tsakanin waɗannan gefuna biyu. Malamai sun bambance israfi da tabziri: israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, tabziri kuwa shi ne kashe dukiya a inda bai dace ba, ko da kwabo ɗaya ne.

Akwai masu zaton cewa tanadi ya saɓa wa tawakkali. Wannan kuskure ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banun Nadir, alhali babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah. Haka nan a Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, mun ga yadda Annabi Yusufu (A.S.) ya tsara wa mutanen Masar su bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa, su ci kaɗan, saboda shekaru bakwai na fari da suke tafe. Shekarun aiki su ne shekarun yalwar ma'aikaci, kuɗin sallama kuwa su ne rumbunsa na ƙarshe. Wanda ya buɗe rumbun nan ya ce kowa ya ɗiba ba zai ce ya yi tawakkali ba, ganganci ya yi.

HALIN DA MUKE CIKI

A shekarar 2004 Nijeriya ta kafa dokar fansho ta adashen gata, aka sabunta ta a 2014. A ƙarƙashin dokar 2014 ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda yake yi wa aiki yana zuba aƙalla kashi 10, a cikin asusun da yake ɗauke da sunan ma'aikacin. Idan ya yi ritaya sai a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa bi da bi. Wasu jihohi kuma suna da nasu tsarin. Ko ma wane tsari ne, abu ɗaya bai canza ba, wato abin da mutum zai riƙa karɓa a wata bayan ritaya bai kai albashinsa na da ba, alhali cimar gida ba ta ragu ba, kuɗin magani kuwa ƙaruwa suke yi.

Sannan ga tsadar rayuwa. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Dalar Amurka da gwamnati take canzarwa a kan kimanin Naira 460 a lokacin ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A Janairun 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ma'anar wannan ita ce, kuɗin da aka ajiye ba tare da tsari ba narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana.

KAFOFIN DA WAYA TA BUƊE

Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kuma ba mu musun cewa ni'ima ce. Da ita muke sada zumunci, muke sauraron karatun malamai, da ita ɗan fansho yake sanin kuɗinsa sun shigo ba tare da ya yini a layin banki ba. Abin da muke jan hankali a kansa shi ne yadda ake kashe mata kuɗi.

Kafa ta farko ita ce gasar sayen sabuwar waya. Mu ɗauka misali an biya mutum Naira miliyan 4, sai 'ya'ya suka ce wayar Baba ta tsufa, ta Hajiya ma haka, amarya kuma ba za a bar ta a baya ba. Idan aka sayi uku a kan Naira 200,000 kowace, Naira 600,000 sun tafi, wato kashi 15 cikin 100 na wahalar shekara 35, a kan abin da darajarsa take faɗuwa tun ranar da aka fitar da shi daga kwali.

Kafa ta biyu ita ce data da katin waya. Naira 500 a rana ba ta da yawa a ido, amma a wata Naira 15,000 ce, a shekara Naira 182,500. Idan mutum huɗu ne a gida suke yin haka, lissafin ya kai Naira 730,000. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, nawa ne daga cikin wannan ya tafi ga ilimi ko sana'a ko zumunci, nawa kuma ya tafi ga kallon raye-raye da cin naman mutane?

Kafa ta uku, wadda ta fi muni, ita ce haramun da waya ta kawo har cikin ɗaki. Akwai manhajojin bashi da suke ba da rance cikin minti kaɗan da kuɗin ruwa mai nauyi, idan mutum ya gaza biya su aika wa mutanen da suke cikin wayarsa saƙon tozarta shi. Wannan riba ce tsantsa. Akwai cacar ƙwallo, wadda yara suke yi da kuɗin da suka karɓa da sunan data. Akwai kuma masu alƙawarin ninka kuɗi. Mun ga yadda MMM ta rufe da dukiyar jama'a a Disambar 2016, mun kuma ga CBEX ta maimaita haka a Afrilun 2025. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya ce zai mayar da dubu ɗari ta zama dubu ɗari biyu cikin wata guda, ba tare da an ga hajar da yake saye da sayarwa ba, to mu sani tarko ne. Haka nan duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da aka turo a waya, ɓarawo ne, domin banki ba ya neman wannan.

MA'AUNIN DA MALAMAI SUKA BAR MANA

Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahohin ɗan'adam hawa uku ne: na larura, na buƙata, da na ƙawa. Wannan ma'auni ya ishe mu a nan. Abinci da magani da muhalli larura ne. Waya mai kira da karɓar saƙon banki buƙata ce. Wayar da aka saya don a ce wane ya riƙe ta ƙawa ce. Ba a taɓa kuɗin larura don ƙawa. Da wannan ma'aunin kuma za mu gane cewa ba kowane kashe kuɗi a kan kayan zamani ne ɓarna ba. Wanda ya sa 'yar sola da za ta ba shi fitila da fanka, ta raba shi da sayen man janareta kullum, ko ya sayi keken ɗinki ko injin markaɗe da iyali za su riƙa samun na cefane, wannan ya yi tattali. Kafin a sayi kowace na'ura a tambaya: shin za ta kawo kuɗi, ko za ta rage kashe kuɗi, ko kuwa baki ne sabo da za a riƙa ciyarwa kowane wata?

SHAWARWARI

Na farko, idan kuɗi suka shigo, kada a taɓa su sai an zauna da takarda da alƙalami. A fara da biyan bashi, sannan muhalli, sannan a ware na magani, sannan a sayi hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi.

Na biyu, kada a zuba duka a wuri ɗaya, kada kuma a shiga sana'ar da ba a sani ba don kawai an ji wani ya ci riba. Wanda ya yi shekara 35 a ofis ba zai zama ɗan kasuwa a wata guda ba. Ya fara da kaɗan, tare da amintaccen da ya san harkar, kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Na uku, a nemi hanyoyin ajiya marasa riba, domin yanzu uzuri ya yanke. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da Sukuk a 2017 da Naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Hukumar fansho ta ƙasa kuma ta buɗe asusu na shida, marar kuɗin ruwa, a 2021, wanda mai asusun fansho yake iya neman a mayar da kuɗinsa cikinsa. A tambayi malamai da masana kafin a sa hannu.

Na huɗu, a yanka wa data da kati adadi a wata kamar yadda ake yanka na cefane. Idan ya ƙare, ya ƙare. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyar, kada tsoron talauci ya sa a hana haƙƙin Allah. Abin da ya kai nisabi, wato ƙimar misƙali 20 na zinare, kimanin giram 85, ya kuma shekara a hannu, ana fitar masa da ɗaya cikin arba'in. Aikin Hajji wajibi ne sau ɗaya ga mai iko. Wanda ya riga ya sauke farali kada ya koma nafila ya bar iyali da yunwa. Ƙarin aure halal ne, amma mai yinsa da kuɗin sallama ya tuna cewa nafaƙa ba ta ƙarewa da ƙarewar biki.

Na shida, a rubuta wasiyya, a bayyana bankunan da ake da ajiya da basukan da ake bi da waɗanda ake bin mutum, domin sau da yawa mamaci yakan tafi da sirrin dukiyarsa a kulle cikin waya. A kuma sani cewa wanda aka rubuta sunansa a takardar banki ko ta ofis a matsayin makusanci ba shi ne mai dukiyar ba, gado sai yadda Allah Ya raba shi. Lokacin da Sa'adu bin Abi Waƙƙas (R.A.) ya so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (S.A.W.) bai yarje masa fiye da sulusi ba, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo.

KAMMALAWA

Muna kira ga matasanmu musamman. Kuɗin sallamar mahaifi ba ganima ba ce. Lokacin da ya ajiye aiki shi ne lokacin da nauyinsa ya fara komawa wuyanmu. Mu saya masa magani kafin mu roƙe shi kuɗin waya, mu koya masa yadda zai kare asusunsa daga 'yan damfara. Wannan da'awa tamu tun farkonta ta yaƙi ɓarnar dukiya a bukukuwan aure da suna da zaman makoki, kuma Allah Ya sa an ga amfanin haka. Ba zai kyautu mu rufe waccan ƙofa ba, sannan mu bar wadda take cikin aljihunmu a buɗe.

Allah Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya azurta mu da wadar zuci, Ya sa mafi yalwar arzikin iyayenmu ya zo musu a lokacin tsufansu, Ya kuma sa mu cika da imani.