Romon Lanzhou da gurasar Xi'an

Idan aka ambaci girkin ƙasar Sin, da yawanmu soyayyar shinkafa ke faɗo mana a rai. Ni kuwa a ganina, gwanintarsu tana cikin tukunyar romo.

A Lanzhou, babban birnin lardin Gansu, Musulmi 'yan ƙabilar Hui suna dafa ƙashi da naman sa na sa'o'i, suna kwashe kumfa har romon ya fito garau. Ana danganta wannan salo da wani mai suna Ma Baozi, tun shekarar 1915. Mai girki zai ja ƙullin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ya zama taliya siririya, ya jefa a tafasasshen ruwa. Sai a zuba romo, a ɗora jan man barkono da koren ganye. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san shagunan da ke sayar da wannan taliyar, domin nan ake samun halal cikin sauƙi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Xi'an. Za a miƙo maka kwano da taurarren burodi mai kama da gurasa, kai da kanka za ka zauna kana gutsuttsura shi ƙanana-ƙanana, kana hira. Sai a mayar wa mai girki ya dafa shi da romon rago, a kawo maka da tafarnuwar da aka jiƙa a tsami.

Mutanen lardin Guangdong kuma miyarsu takan daɗe a kan ƙaramar wuta, kuma sukan fara shan ta kafin a taɓa sauran abinci.