TUƘIN GANGANCI: ABIN DA KANO TA KOYA MANA
Jawabin ɗan takararmu ga jama'ar Sunke

Iyayenmu dattawa, malamai, mata da samari na Sunke, da 'yan'uwa da suka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum, ina gaishe ku.

Yau maganar hanya zan yi. Ko wane gida a nan yana da ɗa ko ƙane da ya tafi Kano ci-rani, wani yana tuƙa a-daidaita-sahu, wani yaron mota ne, wani dako yake yi a Kantin Kwari. Saboda haka abin da ke faruwa a titin Kano ya shafe mu, don mu ake kawo wa gawa.

To, me aka yi a kan tuƙin ganganci? An yi da yawa. Dattawa za su tuna ran 2 ga Afrilu 1972 da aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2012 Jihar Kano ta kafa tata hukumar, watau KAROTA. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin. Sa'an nan aka shiga gina gadojin sama, aka yi a Ƙofar Nasarawa, aka yi a Dangi, aka yi a Hotoro.

Duk wannan aiki ne, ba mu raina ba. Amma ku lura. Da aka hana acaɓa, yaron da ke kan babur bai koma gona ba, a-daidaita-sahu ya karɓa. Mai shi kuwa ya yanka masa kuɗin da zai kawo kullum, ko an samu ko ba a samu ba. Yaron nan ba wanda ya koya masa tuƙi, kwana uku ya yi a fili. Yaya ba zai yi gudu ba? Yaya ba zai keta danja ba, ya tsaya tsakiyar titi ya ɗauki fasinja? Gada ba ta koya wa mutum tuƙi.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damuna. A watan Fabrairu 2021 'yan a-daidaita-sahu suka yi yajin aiki a Kano saboda harajin naira 100 na kullum. A Janairu 2022 suka sake, a kan kuɗin sabunta takardar izini. Birni ya tsaya cik, mutane suka taka da ƙafa zuwa kasuwa da asibiti. In dai direba ya ɗauka cewa mai kula da titi aljihunsa yake nema, to ba zai ji maganarsa ba, gudunsa zai yi. Gudun nan kuwa shi ke kashe mai tsallaka titi.

Ga abin da jam'iyyarmu za ta yi idan kun ba ta ƙuri'a. Ba mai samun lasin sai ya tuƙa mota a gaban ma'aikacin gwaji, ko ɗan wane ne. Tara kuwa a banki za a biya, a ba da rasit. Ma'aikacin da ya karɓa a hannu ya bar aiki. Za mu zauna da ƙungiyar direbobi a ko wace tasha, don a duba taya da birki da lodi kafin mota ta tashi, musamman ranar kasuwa, da ake jibga buhuna mutane su hau bisa. Za mu sa motar ɗaukar majiyyata a asibitin Anka da na Gummi, da mai a cikinta, ba ta ado ba.

Na san abin da direbobin hanyar Anka zuwa Daki Takwas za su ce mini. Za su ce, "Alhaji, ba don daɗi muke gudu ba, tsoron 'yan bindiga ne, kada dare ya yi mana a daji." Gaskiya ne. Ba zan ce wa mutum ya yi tafiyar hawainiya inda ake tare hanya ba. Sai an sa tsaro a hanyar nan kafin a nemi direba ya rage wuta, kuma mu ne za ku tambaya in ba a sa ba. Amma cikin gari, gaban makarantar firamare, wa yake korarka?

Samarinmu da kuka rako ni a kan babura, da ku nake yanzu. Na ga masu sakin hannu, na ga mutum huɗu a babur guda. Daga yau ba na so. Duk wanda ya yi wasa da babur a jerin gwanon jam'iyyar nan, shugaban matasa ya karɓe tutar da ke hannunsa. In an tashi, a bar motocin mata da dattawa su fara fita, babura su biyo baya.