Littafi a aljihu, ƙafa bisa hanya

Jawabi ga matasa a taron tunawa da kafuwar ƙungiya



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

An ce in yi muku magana bisa karatu. Ni kuma na ga ya kamata in haɗa shi da tafiya, don tun asali tare suke a addininmu. Umurnin farko da ya sauka a Alƙur'ani na karatu ne, kuma a wurare da yawa Allah ya ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba. Wanda ya tsaya ga karatu kaɗai yakan san sunan abu bai san kamarsa ba. Mai yawo babu karatu kuwa, zai wuce ta gaban abu mai daraja bai ko waiwaya ba. To, bari in zana muku yinin mutumin da ya riƙe biyun. Ban sa mishi suna ba, don fatana shi ne ya zama kai, ya zama ke.

Yininka yana farawa da asuba. In ka dawo daga masallaci ka gama azkar, kada ka koma bisa tabarma. Gari da sanyi, gida shiru, kai bai cika da hayaniya ba. Wannan rabin awa ka ba littafi mai nauyi: Ahalari ko Risala in fiƙihu kake yi, lissafi ko kimiyya in jarabawar bak ce gabanka. Kada ka rena shafi goma. Shafi goma kullum, a shekara shafi 3,650 ke nan, wato littafi goma sha takwas masu shafi ɗari biyu-biyu. Mutum nawa ka sani a unguwarku da suka karanta littafi goma sha takwas bara? Ka ga abin bai buƙatar dukiya. Naci yake so.

Sai fita zuwa makaranta, ko kasuwa, ko wurin koyon sana'a. Mutum mai lafiya yana taka kusan kilomita biyar cikin awa guda. In wurin da za ka bai wuce kilomita biyu ba, minti ashirin da biyar ya ishe ka, babu dalilin tsaida ɗan kabu-kabu. Kuɗin ka jefa a asusu, ƙarshen wata su zama littafi. Kuma hanyar ba a banza take tafiya ba: abin da ka karanta da asuba, maimaita shi a ranka kana takawa. Mahaddata sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kake ganin gardi yana tilawa yana kai da kawowa. Ga ribar jiki bisa kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti talatin sau biyar. Hawan jini da ciwon suga da muke gani wurin iyayenmu, tun ana samari ake fara toshe musu ƙofa.

Da rana akwai wani lokaci da kowa yake zubarwa: lokacin jira. Jiran mota ta cika a tasha, jiran layi a asibiti, zaman shago kafin mai saye ya leƙo. Mai karatu ba ya fita gida babu ɗan ƙaramin littafi a aljihu ko a jaka. Nan ne wurin mai sauƙi: Arba'una Hadisi, ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi kansa labarin ƙetare hamada ne. Za ka ce mini ai littattafan suna cikin salula. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce. Amma ka san maƙwabtansu a ciki: WhatsApp da TikTok. Ka buɗe littafi, saƙo ya faɗo, ka ce bari in duba sau ɗaya, sai kiran azahar ya tashe ka. In a salula za ka yi karatu, fara kashe intanet ɗin tukuna.

Yanzu ga wurin da na fi so ku riƙe. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, mai karatu yakan fita ya je ya ga abin da ya karanta, ko ya gano abin da zai dawo ya bincika.

In kana Damagaram, ka karanta labarin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa a ƙarni na 19 har aka ƙera mishi igwa a garin. André Salifou, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin masarautar. In ka karanta, taka daga Zango zuwa Birni, ka bi lunguna tsakanin duwatsu, ka tsaya ƙofar fada, ka dubi zanen da magina suka yi bisa bangayen gidaje. Ka tuna garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kafin a maida shi Yamai. Daga ranar ba za ka ƙara wucewa ta wurin kamar baƙo ba.

In kana Maraɗi, tambayi kanka: don mi garin yake bisa tudu alhali gulbi yana ƙasa? Amsar ita ce tsohon garin a kwari yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hauro. Katsinawa ne suka kafa sarautarsa bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, wadda ba ta kai tafiyar awa uku a ƙasa ba. Ranar da babu makaranta ku haɗu ku biyar ku taka can da sassafe, ku gaida dattawa, ku yi tambaya da ladabi. Bisa hanya ku dubi gawo cikin gonaki. Itace ne mai zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi yake kyau a ƙarƙashinsa. A jihar Maraɗi ne, tun shekarun 1980, manoma suka koma renon tohon itatuwa cikin gonakinsu maimakon sare shi, har masana daga ƙasashen waje suke zuwa koyo. Suna biyan jirgi su zo su gani, mu kuwa a bakin ƙofarmu abin yake.

In kana Yamai, gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama yana nan tun 1959, kuma a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da kakanninmu suka bari. In kana Tawa, Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar, kuma a jiharku ne masallacin Yama yake, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Da yawa cikinmu sun san filayen ƙwallo na Ingila da Sifen ɗaya bayan ɗaya, amma ba su taɓa jin sunan wannan magini ba.

Dare ya yi, sai fada. Ban zo in ce ku bar fada ba, ai zumunci ne. Amma kun san tsawon lokacin da shayi yake ɗauka daga na farko zuwa na uku. Ware na farko kawai: mutum ɗaya ya karanta shafi biyu da ƙarfi, saura su saurara, a yi gardama a kai. Wanda bai yi lakkwal ba ya ƙaru da kunne, kuma sau da yawa shi ne zai kawo tambayar da za ta ɗaure mai digiri. Kafin ka kwanta, ɗauki kaye da bik ka rubuta layi uku: abin da na karanta yau, abin da na gani yau, abin da zan tambaya gobe. Abin da ba a rubuta ba, iska take kwashewa.

In hutu ya zo, ko wata hidima ta kai ka nesa, kada ka shiga mota ka rufe ido har a iso. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne bisa kwalta, kuma kowane zango darasi ne: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Tasawa. A ƙasar Dogon Dutsi ne Lugu take, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni, masanin hasken rana, a 1929. Galmi kuwa kowa da albasa ya san ta, amma kusa da ita ne Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Mutum biyu suna zaune kujera ɗaya, kuɗin mota ɗaya suka biya: ɗaya ya sauka da ciwon baya kawai, ɗaya ya sauka da tarihin ƙasarsa.

Wannan ɗabi'a gado ce. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya tak. Ibn Battuta ya bar Tanja ta Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, a 1353 ya iso Takadda, yamma da Agadas, ya ba da labarin tagullar da ake haƙowa can. Da ba a rubuta tafiyarsa ba, da wannan shaida ta ɓace. Mu ma muna da namu: Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, a 1855 ya shiga Turai. Ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani Bature mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yau shekara sama da ɗari muna iya jin bakinsa, don ya lura kuma ya faɗa.

Sai dai tafiya tana da ladubba, kuma ina so ku ji wannan da kyau. Na farko, izinin iyaye. Shehu Usmanu yana saurayi ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin zai wuce Makka, Shehu ya juyo gida, don mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Hajji ne fa, amma ya dawo. To ina ga wanda zai sulale da dare ya nufi Libiya ko Aljeriya, uwa ba ta sani ba? Kowa a nan ya san gidan da har yau ake jiran labarin ɗansu. Wanda yake karatu kafin ya tashi, yana tambayar waɗanda suka je suka dawo, ba a saurin sayar mishi da mafarki a tasha. Na biyu, tsaro. Akwai yankunan da a halin yanzu ba a shiga don yawon buɗe ido. Ku tambayi hukuma da mutanen gari kafin ku ɗau hanya, ku tafi da katin shaida, kada ku yi dare a daji. Na uku, kada tafiya ta ci salla. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru, sai ka koyi hukuncinta tun kana gida.

Ƴan'uwana mata, maganar nan da ku nake, kada ku ce ta maza ce. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, ta kafa tsarin Ƴan Taru: jajoji suna jagorantar mata daga ƙauyuka, a ƙasa, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da na gida. Ke ma kina iya haɗa ƙawaye uku ko huɗu, da sanin gida, cikin sutura, ku riƙa musayar littafi, ku taka zuwa islamiyya ko ɗakin karatu tare. Ranar da kika zama uwa, yaron da ya buɗe ido ya ga littafi a hannunki ba sai an yi ta binsa da bulala ba.

Ga roƙona ga shugabanni, abu biyu ne marasa tsada. Kowane reshe ya samu akwati ɗaya na littattafai, kowane mamba ya kawo guda, a riƙe kaye na aro da mayarwa, a sa mutum ɗaya mai amana a kai. Sannan sau ɗaya a wata reshe ya fita a ƙasa zuwa wuri ɗaya cikin garinsa ko kusa da shi: wani ya karanto tarihin wurin tun kafin ranar, wani ya rubuta abin da aka gani aka ji daga dattawa. Dattawan nan da suka san yadda unguwanninmu suka samo suna, kullum raguwa suke. In an yi haka shekara guda, kowane reshe zai zo taro na gaba da rahoto goma sha biyu bisa garinsa, rubutun hannun ƴaƴansa.

Kai kuma da kake riƙe da wannan ɗan littafi, kada ka jira reshe. Zaɓi littafinka daren nan, ka aje shi kusa da tabarmar salla, gobe da asuba ka fara da shafi goma.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare matafiyanmu, ya dawo da na nesa gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da Nijar lafiya.