Sunan Gari a Matsayin Sunan Gida

Bahaushe bai gaji al'adar sunan iyali ba, wato sunan da zuri'a guda take riƙewa daga kaka zuwa jika, domin abin da aka sani a da shi ne sunan yanka, wanda liman yake raɗa wa jariri ranar bakwai, sai kuma laƙabi, wanda yakan danne sunan yankan saboda alkunyar da ke hana uwa ambatar sunan ɗanta na fari ko sunan surukinta. Daga nan ne aka sami Tanko, namijin da ya biyo bayan mata, da Gambo mabiyin tagwaye, da Balarabe da aka haifa ranar Laraba.

Buƙatar suna na biyu ta ƙarfafa ne da zuwan makarantun boko, inda rajista ta tilasta a bambance Muhammadu da Muhammadu a aji guda, kuma da yake ambatar sunan uba gatsal yana da nauyi a bakin yaro, sai aka riƙa jingina ɗalibi ga garinsu. Ta haka Sardauna ya yi karatu a Kwalejin Katsina da sunan Ahmadu Raba, kuma ta haka sunayen Tafawa Ɓalewa da Shagari, waɗanda garuruwa ne a ƙasashen Bauchi da Sakkwato, suka zama sunayen shugabannin Nijeriya. Tsarin yana da rauninsa, tunda dubban mutanen da babu dangantakar jini tsakaninsu suna amsa Kano ko Gusau, ga shi kuma a yau fasfo da katin ɗan ƙasa suna matsa wa jikoki su daskarar da sunan kakan da ba su taɓa gani ba.